Babur Na Hannu Daga Wata Jiha: A Bar Masa Lambarsa, A Juya Suna a Can, Ko a Yanki Sabuwa a Gida?

Wanda ya sayo tsohon babur daga Zariya, Abuja ko Legas ya kawo shi Kano, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya ci gaba da hawa da lamba da takardun tsohon mai shi, ko ya je jihar da aka fara yi wa babur ɗin rajista a juya takardun zuwa sunansa, ko ya yanki sabuwar lamba a jihar da yake zaune.

Lambar kowace jiha tana aiki a duk faɗin Najeriya. Babu dokar da ta hana babur mai lambar ZAR ta Zariya ko KJA ta Ikeja a Legas hawa titin Kano, haka ma mai KMC ko FGE na Kano a titin Kaduna. Kundin lambobin guda ɗaya ne, yana hannun hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, jihohi kuma su ke yin rajista ta ofisoshin lasisi: a Kano ƙarƙashin hukumar tara haraji ta KIRS, a Legas hukumar MVAA, a Abuja hukumar DRTS da aka fi sani da VIO. Don haka sunan jihar da ke jikin lamba ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne sunan da ke cikin kundi, da kuma ofishin da za ka riƙa nema duk ranar da matsala ta taso.

Abubuwan da za a auna

Na farko, mallaka: idan aka buga lambar a kwamfuta, sunan wa zai fito? Na biyu, kuɗi, kuma ba na ofis kaɗai ba, har da kuɗin mota, masauki da yinin aikin da za ka rasa. Na uku, sauƙi, musamman ko aikin zai yiwu ba tare da tsohon mai babur ɗin a kusa ba. Na huɗu, ɗorewa: yaya lamarin zai kasance baɗi wajen sabunta takardu, ko ranar da ka tashi sayarwa? Na biyar, haɗari: ranar da aka sace babur ɗin, ko aka yi karo da shi, ko aka tsare ka a shinge.

Abin da za ka karɓa tun a wajen ciniki

Duk hanyoyin uku a kan takardun ranar ciniki suke tsayuwa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ba a cinikin biri a sama. Muddin kuɗinka na aljihunka, mai sayarwa zai nemo kowace takarda. Da zarar ka biya ka bar garin, sai ka yi ta buga waya ba a ɗauka.

Fara da rasit na asali daga dilan da ya sayar da babur ɗin yana sabo. Galibin baburan da ke yawo a Arewa, irin su Bajaj Boxer, TVS, Honda Ace, Jincheng da Haojue, a cikin ƙasa ake haɗa su ko a sayar da su ta hannun diloli, saboda haka rasit ɗin dila shi ne tushen mallaka. A kansa akwai lambar inji da lambar casis. Ka je jikin babur ɗin ka gwada su harafi bayan harafi. Lambar casis tana jikin ƙarfen wuya, wajen da kan babur ke juyawa, haruffa da alƙaluma 17 ne. Na Bajaj galibi da MD2 suke farawa, na TVS da MD6, na kamfanonin China kuma da harafin L. Lambar inji tana jikin bulok, yawanci ta ɓangaren hagu, ƙasa kusa da giya. Goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka haska da fitilar waya, ka shafa da yatsa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya. Idan ka ji wurin ya yi kwari kamar an ci shi da fayil, ko ka ga sabon fenti a wuyan kaɗai, ko alamar walda, ko alƙalami ɗaya ya karkace ya fi sauran zurfi, ka haƙura da cinikin kome arharsa. Ɗora farar takarda a kan lambar ka goga fensir, zanen zai fito, ka ajiye shi tare da hoton da ka ɗauka.

Sau da yawa casis zai dace da rasit amma inji ya saɓa, domin an taɓa sauya bulok. Wannan ba lallai sata ba ce, amma sai an kawo rasit ɗin injin da aka saka, a kuma rubuta hakan cikin yarjejeniya. In ba haka ba, jami'in VIO, mai duba lafiyar ababen hawa, zai tsayar da aikin a wajen dubawa.

Idan an taɓa yi wa babur ɗin rajista, karɓi takardar ba da lamba, takardar shaidar mallaka, lasisin babur na ƙarshe da takardar inshora. Kafin ka biya, shiga shafin nvis.frsc.gov.ng ka rubuta lambar. Ko ya nuna an ba da ita ga irin babur kaza, ko ya nuna an buga ta amma ba a ɗora ta kan kowa ba, ko ya ce bai san ta ba. Idan lambar da ke jikin Boxer ta fito a matsayin ta wani abin hawa daban, magana ta ƙare.

Sai takardar yarjejeniya. A rubuta cikakken sunan mai saye da mai sayarwa, adireshi, lambar waya, irin babur, launi, lambar inji, lambar casis, lambar rajista, kuɗin da aka biya da kwanan wata. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu, kuma zai fi kyau ɗayansu ya kasance wanda ake iya samu gobe, kamar shugaban dillalan kasuwar ko mai unguwa. A haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa da hotonsa. Biya ta banki ya fi tsabar kuɗi, domin yana barin shaida. Idan sunan da ke kan rasit ba na mai sayar maka ba ne, to babur ɗin ya ratsa hannuwa, kuma kowane hannu yana buƙatar takardarsa. Inda sarƙar ta yanke, a cike gurbin da takardar rantsuwa ta kotu da rahoton 'yan sanda, kuma mai sayarwa ne zai yi rantsuwar, ba kai ba.

Akwai babura iri uku da ke buƙatar ƙarin takarda. Babur ɗin bashi, wanda ake biya kaɗan-kaɗan: rasit yana da sunan kamfani ko mai kuɗin da ya saya, kuma direba kan sayar tun bai gama biya ba, wani lokaci da tiraka, na'urar bin diddigi, a ɓoye ƙarƙashin kujera ko tanki. Nemi takardar da ke nuna an kammala biya. Babur ɗin rabo, na tallafin gwamnati ko na 'yan siyasa: nemi takardar da aka ba wanda ya rabauta. Babur ɗin gwanjo: nemi takardar gwanjon daga hukumar da ta sayar. A yi hattara sosai da wanda aka ce daga Legas ya fito. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara huɗu a Satumban shekarar, babura da yawa sun hauro Arewa. Mafi yawansu halal ne, masu su ne suka dawo gida da abinsu, amma a cikin irin wannan kwararar ne na sata da na bashi ke sajewa. Karɓar kayan sata da sani, ko da dalilin da ya isa a sani, laifi ne a sashe na 317 na kundin Penal Code na Arewa, kuma arha mai yawa ba tare da takarda ba tana cikin abin da ake kafa hujja da shi.

In a mota za a ɗoro babur ɗin, a karɓi takardar lodi daga tasha, a ba direba kwafin takardu, na asali su zauna a hannunka.

Hanya ta farko: a bar kome yadda yake

Ita ce mafi arha yau, kuma ita mafi yawan mutane ke bi. Ba ka biya kuɗin lamba ba, ba ka je ofis ba, yarjejeniya ce kawai a aljihu. A jihohi da dama ma za a sabunta maka lasisin shekara da sunan tsohon mai shi ba tare da tambaya ba, sai mutum ya ɗauka kome ya daidaita.

Bai daidaita ba. Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun wajabta sanar da hukuma idan abin hawa ya sauya hannu, kuma a kundi har yanzu babur ɗin na wani ne. Ranar da aka sace shi ka je caji ofis, tambayar farko ita ce takardu, sai a ga sunan wani mutum a Zariya. Idan Allah ya sa aka gano babur ɗin, kafin a sake shi za a so ganin mai sunan ko wata hujja mai ƙarfi daga gare shi. In ya sauya waya, ko ya ƙaura, ko ya rasu, ka shiga neman magada a garin da ba ka san kowa ba. Inshorar da ke kan babur ɗin ma ta tsohon mai shi ce, ba ta bin babur zuwa sabon hannu haka kawai, saboda haka in ka buge motar wani, kamfanin na da hanyar zamewa.

Akwai kuma batun launi. Lambar mai zaman kansa shuɗin rubutu ce, ta haya ja. Babur ɗin da ya yi acaɓa a wata jiha zai iya zuwa da jar lamba, alhali Kano ta hana acaɓa a ƙananan hukumomin cikin birni tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Jar lambar wata jiha a Ƙofar Nasarawa ko Kurna gayyatar tambaya ce daga KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta Kano, da 'yan sanda, ko da kai kaɗai ne a kai.

Shi ma mai sayarwa bai tsira ba. Idan aka aikata laifi da babur ɗin, lambar za ta kai jami'ai ƙofar gidansa. Wannan ce hujjar da za ka faɗa masa idan yana jan ƙafa wajen raka ka ofis, kuma yawanci tana aiki.

Wannan hanya ta dace da kwanakin kawo babur gida da haɗa kuɗin rajista. Ba ta dace da shekara ba.

Hanya ta biyu: a juya suna a jihar da aka yi rajistar farko

Kai da mai sayarwa za ku je ofishin lasisi da babur ɗin da dukan takardunsa, a cike fom na sauya mallaka, jami'in VIO ya duba lambar inji da casis, a biya kuɗi, a fitar da takardar mallaka da lasisi da sunanka. Za a nemi lambar NIN, hoton fasfo, lambar waya da adireshi. Amfaninta babba ne: fayil ɗin babur ɗin yana wannan ofishi, in akwai wata ɓaraka a tarihinsa nan za ta fito, kuma mai sayarwa yana tsaye a gabanka. A ganina babu gwajin gaskiyar mai sayarwa da ya kai a ce masa a tafi ofis tare kafin a cika masa kuɗi. Mai gaskiya zai ce mu je.

Wajen kuɗi, a yi tambaya tun kafin a biya ko sisi. Wasu ofisoshi na barin tsohuwar lamba su sauya suna kawai, ka tsira da kuɗin lamba. Wasu kuwa na cewa lambar a ɗaure take da wanda ya yanke ta, sai an cire an ba ka sabuwa. In haka ne, ribar ta tafi, ka biya kuɗin sabuwar lamba amma ta jihar da ba ka zaune.

Rauninta nisa ne. Duk ranar da lamba ta faɗi a hanya, ko takardar mallaka ta ɓata, ko aka yi kuskuren harafi a sunanka, can za ka koma. Tsakanin Kano da Zariya tafiyar awa biyu ce, ana iya jurewa. Legas kuwa kusan kilomita 1,000 ce, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya ninka kuɗin sabuwar lamba. Kuma takardu ba kullum suke fita a yini ɗaya ba. Wanda ya biya ya taho ya bar wa wani amanar karɓo masa, ya koma jiran waya.

Hanya ta uku: sabuwar rajista a jiharka

Za ka kai babur ɗin ofishin lasisi na jiharka da rasit, yarjejeniya, tsofaffin takardu, kwafin katin mai sayarwa, NIN ɗinka da hotuna. A wasu lokuta za a ce ka kawo takardar rantsuwa ta kotu kan sauya mallaka da takardar 'yan sanda da ke nuna ba a kai rahoton satar babur ɗin ba. VIO zai duba lambobi, birki, fitilu, madubi da taya. Daga nan a biya, a ba ka lamba, takardar mallaka, lasisin shekara da takardar lafiyar abin hawa.

Wasu kuɗaɗen iri ɗaya ne a ko'ina. Farashin da hukumar haɗin gwiwar haraji ta JTB ta sanar a 2025 ya sa lambar babur a naira 12,000. Inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani naira 3,000 ce a shekara ga babur, bisa farashin da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa daga Janairun 2023, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. 'Yan sanda sun tsananta neman ta tun 1 ga Fabrairun 2025. Lasisin tuƙin babur, rukunin A, naira 7,000 ne na shekara uku, 11,000 na shekara biyar. Sauran, wato kuɗin rajista, na sauya mallaka, na lasisin shekara da na dubawar VIO, kowace jiha da nata. Nemi a rubuta maka su ɗaya bayan ɗaya, ka biya ta hanyar da za ta ba ka rasit ɗin gwamnati.

Ita ce mafi tsada a ranar farko, amma bayan nan kome yana garinku: sabuntawa, gyaran kuskure, maye lambar da ta ɓata. Ranar sayarwa kuma takarda ɗaya ce mai sunanka, mai saye ba shi da abin rage maka kuɗi a kai. Idan jar lamba babur ɗin ya zo da ita, nan ne za a mai da shi na mai zaman kansa.

Haɗarinta daga 'yan baranda yake zuwa, masu tare mutum a bakin ofis su ce kawo a yi maka cikin sauri. Ɓarnarsu iri biyu ce. Ta farko lambar jabu, ko ta gaske wadda ba a ɗora a kundi ba. Ta biyu ta fi wuyar ganewa: su ɓoye tsohuwar rajistar, su shigar da babur ɗin tamkar sabo fil daga shago don su guje wa takardun sauya mallaka. Sai casis ɗaya ya zama yana da lambobi biyu da masu shi biyu, kuma ranar da aka gano kai za a tambaya. Ka faɗa da bakinka cewa babur ɗin yana da tsohuwar rajista, ka tabbata an rubuta. Tsohuwar lambar kuma a miƙa ta ga ofis ko a mayar wa mai ita da shaida a rubuce, kada a bar ta a shagon bakanike inda za a ɗaura wa wani babur. Bayan kwanaki ka sake shiga shafin FRSC ka duba sabuwar lambarka, ka duba inshorar a askniid.org. Wadda ba ta fito a can ba, takarda ce kawai. A jadawalin tarar FRSC da aka daɗe ana aiki da shi, laifin lamba naira 3,000 ne, rashin hular kwano 2,000, amma hawa da takardun jabu 20,000 ne, ban da tsare babur ɗin.

Kundin ababen hawa na 'yan sanda, wato CMR, ƙari ne a kan wannan, ba madadinsa ba. An dakatar da tilasta shi a Yulin 2024, amma shigar da babur ciki na taimakawa wajen kai rahoton sata.

| Abin aunawa | Barin sunan tsohon mai shi | Juya suna a can | Sabuwar rajista a gida |
|---|---|---|---|
| Sunan da ke kundi | Na wani | Naka | Naka |
| Kuɗin farko | Kusan babu | Matsakaici, ya danganta da ko an bar lambar | Mafi yawa, har da 12,000 na lamba |
| Kuɗin gaba | Mai yawa in matsala ta taso | Kuɗin tafiya duk sanda ake gyara | Sabuntawar shekara kawai |
| Buƙatar mai sayarwa | Kullum kana rataye da shi | Ranar aikin | Takardunsa sun isa in sun cika |
| Ranar sata ko karo | Hujja mai rauni | Hujja mai ƙarfi | Hujja mai ƙarfi, ofis a kusa |
| Ranar sayarwa | Farashi na faɗuwa | Lafiya | Lafiya |
| Babban haɗari | Rasa babur ko zargi | Takardu su maƙale a nesa | 'Yan baranda da rajista biyu |

Wace ta dace da wa

Wanda zai riƙe babur ɗin shekaru yana zuwa aiki, kasuwa ko gona da shi, ya yanki sabuwa a gida. Haka wanda ya sayo daga nesa, Legas, Ibadan ko Fatakwal, da wanda babur ɗinsa ya zo da jar lamba.

Wanda ya saya a maƙwabciyar jiha, yana kuma yawan zuwa can, kamar ɗan kasuwar da ke tsakanin Kano da Zariya ko tsakanin Kazaure da Daura, juya suna a can ya ishe shi, da sharaɗin ofishin zai bar masa lambar kuma za a yi aikin tare da mai sayarwa kafin a rabu.

Dillalin da zai juyar da babur cikin mako biyu ko uku ba ya buƙatar lamba da sunansa, amma ya riƙe sarƙar takardu cikakkiya, ya rubuta tasa yarjejeniyar a saye da sayarwa, ya kuma gaya wa mai saye gaskiyar cewa rajista na gabansa.

Babur ɗin da ba a taɓa yanka wa lamba ba, kuma irinsu suna da yawa a karkara, ba shi da zaɓi: rajistar farko ce a jiharka, da rasit ɗin dila da yarjejeniya. Kada a jinkirta ta, musamman ga mai bin hanyoyin Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja, inda aka sha kafa dokokin taƙaita babura tun 2021 saboda 'yan bindiga, kuma babur marar lamba shi ake fara tsarewa a shinge.

Wanda ya tsallako da babur daga Maraɗi, Damagaram ko Kwatano, nasa lissafin daban ne. Lambar wata ƙasa ba a juya ta a ofishin jiha. Sai an biya kuɗin fito an karɓi takardun kwastan masu ɗauke da lambar casis ɗin babur ɗin, sannan ofishin lasisi zai saurare shi, saboda haka a haɗa kuɗin fiton cikin farashi tun kafin a ce an sallama.